Maƙwabta Biyu, Bama-bamai 350

Da yammacin ranar 9 ga Maris, 2022, lokacin da hankalin duniya ya koma kan yaƙin Rasha da Yukiren, wani makami mai linzami samfurin BrahMos ya tashi daga arewacin Indiya, ya tsallaka iyaka, ya yi tafiyar kilomita 124 a sararin samaniyar Pakistan cikin ƙasa da minti huɗu, sannan ya faɗo a garin Mian Channu da ke lardin Punjab. Ya yi ɓarna a wasu gine-gine, amma bai kashe kowa ba. Sai bayan kwana biyu gwamnatin Indiya ta fito ta ce kuskure aka yi a lokacin duba lafiyar makamin, a watan Agusta kuma ta sallami hafsoshin sojan sama uku daga aiki. Sojojin Pakistan sun ce sun bi sawun makamin a na'urorinsu tun daga tashinsa har faɗuwarsa, kuma ba su mayar da martani ba. An taki sa'a makamin bai zo da abin fashewa ba, an kuma taki sa'a a lokacin babu wata rigima da ke ci tsakanin ƙasashen biyu. Da a makon da ake zaman ɗar-ɗar abin ya faru, da hafsan da ke gaban na'ura yana da 'yan mintoci ne kacal ya yanke hukunci a kan abin da ya tunkaro ƙasarsa, alhali bai san abin da ke bakinsa ba.

A ƙiyasin cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Sweden na shekarar 2025, Indiya tana da makaman nukiliya kimanin 180, Pakistan kuma kimanin 170. Adadin bai kai ko kusa da na Amurka ko Rasha ba, waɗanda kowacce ke da fiye da dubu biyar. Sai dai Amurka da Tarayyar Sobiyet, duk tsananin gabar da suka yi, ba su taɓa gwabza yaƙi gaba da gaba ba, kuma makami mai linzami yana buƙatar kusan rabin sa'a kafin ya isa daga wannan zuwa waccan. Indiya da Pakistan katanga ɗaya ce ta raba su. Tsakanin Lahore da Amritsar kimanin kilomita hamsin ne. Sun yi yaƙi a 1947, da 1965, da 1971, da 1999, kuma abin da ya fara haɗa su faɗa yana nan har yau ba a warware shi ba.

Tushen gabar

Da Birtaniya ta yanke shawarar barin Indiya a 1947, sai ta ɗauko wani lauya mai suna Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, ta ba shi kimanin mako biyar ya shata iyaka tsakanin sabuwar ƙasar Musulmi ta Pakistan da Indiya. Ba a bayyana layin da ya ja ba sai ranar 17 ga Agusta, bayan an riga an yi bukukuwan 'yancin kai, wato mutane sun yi murna ba su san ƙasar da garinsu ya faɗa ba. Kimanin mutum miliyan goma sha biyar suka bar gidajensu. Waɗanda aka kashe a hanya, masana tarihi suna ƙiyasta su daga dubban ɗaruruwa har zuwa miliyan biyu.

Kashmir masarauta ce da akasarin mutanenta Musulmi ne, amma sarkinta, Hari Singh, mabiyin addinin Hindu ne. Ya yi ta jan ƙafa har mayaƙan ƙabilu daga ɓangaren Pakistan suka kutso cikin ƙasarsa a watan Oktoba, sai ya rattaba hannu kan shiga Indiya don a kawo masa ɗauki. Aka yi yaƙi har zuwa farkon 1949, aka tsaya kowa yana riƙe da yankin da sojansa ya tsaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, ba a yi ba har yau.

Amma abin da ya haifi bam ɗin Pakistan shi ne yaƙin 1971. A watan Disamba na wannan shekara, cikin kwana goma sha uku, sojojin Indiya suka taimaka wa Gabashin Pakistan ta ɓalle ta zama Bangladesh, aka kama fursunoni kimanin 93,000. Ƙasar ta rasa fiye da rabin al'ummarta. Bayan 'yan makonni, a Janairun 1972, Zulfikar Ali Bhutto ya tara masana kimiyyar ƙasar a Multan ya ɗora musu aikin. Shi ne dama ya taɓa cewa tun a shekarun 1960 idan Indiya ta ƙera bam, to Pakistan ma za ta ƙera nata ko da mutanenta za su koma cin ciyawa. Duk wanda yake son fahimtar hafsoshin Pakistan na yau, sai ya tuna cewa makarantarsu ita ce 1971. A wurinsu batun a wargaza ƙasarsu abu ne da ya riga ya faru sau ɗaya.

Ita kuwa Indiya, idonta yana kan Sin, wadda ta ci ta da yaƙi a 1962, sannan ta gwada bam ɗinta a 1964. Ranar 18 ga Mayu, 1974, a zamanin Indira Gandhi, Indiya ta tayar da bam a ƙarƙashin hamadar Pokhran, ta kira shi gwaji na zaman lafiya. Sinadarin da ta yi amfani da shi ya fito ne daga wata tashar bincike da Kanada ta taimaka aka gina da sharaɗin ayyukan farar hula. Pakistan ta bi tata hanyar. Abdul Qadeer Khan, masanin ƙarafa da ke aiki da wani kamfani mai alaƙa da masana'antar tace yuraniyam a Holan, ya koma gida a tsakiyar shekarun 1970 da ilimin na'urorin tacewa, ya kafa cibiya a Kahuta. Wani ɓangare na ɗanyen yuraniyam da Pakistan ta samu a ƙarshen waɗannan shekaru daga ma'adinan Nijar ya fito. Shi wannan Khan ne a 2004 ya fito a talabijin ya amsa cewa ya miƙa fasahar ga Iran da Libiya da Koriya ta Arewa.

A watan Mayun 1998 aka daina ɓoye-ɓoye. Gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta yi gwaji biyar a ranakun 11 da 13, ta kuma shammaci hukumomin leƙen asirin Amurka da taurarinsu na ɗan'adam. Shugaba Bill Clinton ya yi ta bugo wa Nawaz Sharif waya yana lallashi da alƙawuran tallafi, amma a cikin gida babu firaministan da zai ƙi mayar da martani ya kwana a kan kujerarsa. Ranar 28 ga wata Pakistan ta yi nata gwajin a duwatsun Chagai na Balochistan, ta ƙara wani ranar 30. A titunan ƙasashen biyu aka yi ta rabon alewa.

Abin da bam ya hana, da abin da ya buɗe wa ƙofa

A lokacin, masana da yawa sun yi hasashen cewa yaƙi ya ƙare, tunda kar ta san kar. Farkon lamarin ma ya yi kama da haka: a Fabrairun 1999 Vajpayee ya shiga motar safa ya tsallaka iyaka zuwa Lahore, suka sa hannu da Sharif a kan sanarwar zaman lafiya. Ashe a daidai wannan lokacin sojojin Pakistan, ƙarƙashin babban hafsansu Pervez Musharraf, suna hawa tsaunukan Kargil suna mamaye wuraren tsaro da sojojin Indiya kan bari idan sanyi ya tsananta. Daga waɗannan tsaunuka ana hango babbar hanyar da ta haɗa Srinagar da Leh. Makiyaya ne suka fara ganinsu a farkon Mayu. Aka shafe fiye da wata biyu ana gwabzawa a kan duwatsu masu tsawon kusan mita dubu biyar, Indiya ta rasa sojoji sama da ɗari biyar. Vajpayee ya hana jiragen yaƙinsa tsallaka layin da ya raba Kashmir, duk da matsin lamba daga hafsoshinsa.

Ranar 4 ga Yuli Sharif ya isa Washington neman mafita. Bruce Riedel, jami'in fadar shugaban Amurka da ya zauna a ganawar, ya rubuta daga baya cewa suna da bayanan sirri da ke nuna sojojin Pakistan suna shirya makamansu na nukiliya, kuma Clinton ya tambayi Sharif ko ya san da haka. Musharraf ya musanta zancen. Ko wanne ne gaskiya, tambayar kanta abin tsoro ce, domin tana nufin shugaban Amurka yana zaton mai yiwuwa firaministan ƙasa mai nukiliya bai san abin da sojojinsa ke yi da makaman ba. Sharif ya amince da janyewa. Bayan wata uku Musharraf ya hamɓarar da shi.

Kargil ta nuna cewa bam ya hana babban yaƙi irin na 1971, amma ya ba ƙaramin yaƙi mafaka. Wanda yake da tabbacin maƙwabcinsa ba zai kuskura ya kawo masa mamaya ba, sai ya samu ƙarfin halin tsokana. Haka aka ci gaba. A Disambar 2001 'yan bindiga suka kai hari majalisar dokokin Indiya, Indiya ta jibge sojoji kimanin rabin miliyan a kan iyaka, aka yi wata goma ana kallon-kallo, har Amurka da Birtaniya suka shawarci 'yan ƙasarsu su fice. A Nuwambar 2008 mahara goma na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba suka kashe mutum 166 a Mumbai, gwamnatin Manmohan Singh ta danne zuciya ba ta kai hari ba.

Hafsoshin Indiya sun gaji da wannan ɗaurin talala, suka fara tsara dabarar kai farmaki cikin gaggawa, a kama ɗan yanki kaɗan kafin manyan ƙasashe su shiga tsakani. Pakistan ta amsa da wani ƙaramin makami mai suna Nasr, wanda ta gwada a 2011, mai cin zangon kilomita 60, wanda aka ƙera don jefa ƙaramin bam na nukiliya a kan tankokin yaƙi, ko da a cikin ƙasarta ne. A nan lissafin ya cukurkuɗe. Manufar Indiya ta 2003 ta ce ba za ta fara amfani da nukiliya ba, amma duk wanda ya jefa wa sojojinta, ko a ina suke, zai gamu da martani mai girman gaske. Pakistan ba ta taɓa yin alƙawarin ƙin farawa ba. Ita tana ganin Indiya ba za ta sadaukar da Delhi saboda 'yan tankoki ba. Indiya kuma tana ganin Pakistan ba za ta harba ba tunda ta san abin da zai biyo baya. Kowacce ta gina tsaronta a kan cewa ɗayar cika baki take yi. Ga wata matsalar kuma: makami mai gajeren zango dole a kai shi kusa da fagen daga, inda sadarwa kan yanke, inda kuma ƙaramin hafsa kan ga cewa ko ya harba ko a ƙwace.

Daga 2019 kowace rigima tana farawa ne daga inda ta baya ta tsaya. Bayan harin Pulwama da ya kashe jami'an tsaro 40, jiragen Indiya suka kai hari Balakot, cikin ainihin ƙasar Pakistan. Washegari Pakistan ta kakkaɓo jirgin Indiya ta kama matuƙinsa, Abhinandan Varthaman, ta mayar da shi ranar 1 ga Maris. A cikin ruɗanin wannan safiya sojojin Indiya suka harbo nasu jirgin mai saukar ungulu, mutum shida da ke ciki suka mutu. Mike Pompeo, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya bayar da labarin yadda aka tashe shi cikin dare a Hanoi saboda Indiya ta yi imani Pakistan tana shirya makaman nukiliya, ita ma Pakistan tana zargin Indiya da haka, sai da jami'an Amurka suka ɗauki sa'o'i suna gamsar da kowane ɓangare.

Sai Afrilun 2025, da aka kashe mutum 26, akasari 'yan yawon buɗe ido, a Pahalgam. Ranar 7 ga Mayu Indiya ta kai hari wurare tara, har da Bahawalpur da Muridke a tsakiyar Punjab. Kwana huɗu ana musayar makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa. Cikin wuraren da Indiya ta buga har da sansanin sojan sama na Nur Khan a Rawalpindi, wanda ba shi da nisa da hedikwatar hukumar da ke kula da makaman nukiliyar Pakistan. An tsagaita wuta ranar 10 ga wata. Donald Trump ya ce shi ya sasanta, Indiya ta ce ba haka ba ne. Abin da ya fi damun masu nazari shi ne kowane ɓangare ya koma gida yana shelar nasara, kuma wanda ya yi imani ya ci riba a wasa da wuta ba ya jin tsoron ƙarawa.

Inda hayaƙin zai nufa

Bam ɗin Hiroshima, mai ƙarfin tan dubu goma sha biyar na nakiya, ya kashe kimanin mutum 140,000 kafin ƙarshen 1945, a birnin da bai kai girman unguwa ɗaya ta Karachi ko Mumbai ba. Delhi da kewayenta a yau sun haura mutum miliyan talatin. A 2019 Brian Toon da Alan Robock da abokan aikinsu suka wallafa bincike a mujallar Science Advances, inda suka ƙaddara Indiya ta jefa bam 100 a biranen Pakistan, Pakistan ta jefa 150 a biranen Indiya. Sakamakon: mutum miliyan 50 zuwa 125 cikin mako guda, gwargwadon ƙarfin bama-baman. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauki shekara shida kafin ya ci rayuka irin wannan adadi.

Abin da zai tsallaka iyaka ya isa ga waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, shi ne hayaƙi. Duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Damagaram ya san yadda hazo ke dusashe rana har a iya kallonta da ido, gari ya yi sanyi. Amma ƙurar hunturu a ƙasa-ƙasa take yawo, ruwan farko yana wanke ta. Birnin zamani kuwa cike yake da man fetur da roba da kwalta da katako, idan ya kama da wuta gaba ɗaya yana fitar da baƙar kunkunniya. Ita baƙar kunkunniya tana shan zafin rana, ta ɗumama iskar da ke kewaye da ita, sai ta riƙa ɗagawa har ta wuce inda gajimare ke haɗuwa. Can babu ruwan saman da zai wanke ta. Iska ta baza ta ko'ina cikin makonni, ta zauna shekaru. An ga ƙaramin misalin wannan a gobarar dajin Kanada ta 2017 da ta Ostareliya ta 2019 zuwa 2020, inda hayaƙi ya hau can sama ya yi watanni.

Binciken na 2019 ya ƙiyasta kunkunniya tan miliyan 16 zuwa 36, wadda za ta rage hasken rana da kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari, ta sauke zafin duniya da digiri 2 zuwa 5, ta rage ruwan sama da kashi 15 zuwa 30, kuma a ɗauki fiye da shekara goma kafin a farfaɗo. Digiri biyu ba ya kama da abin tayar da hankali, sai an tuna cewa aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815 bai kai haka ba, amma ya sa 1816 ta zama shekarar da amfanin gona ya lalace a Turai da Arewacin Amurka, aka yi yunwa da tarzomar abinci. A 2022 Lili Xia da abokan aikinta suka bi lissafin zuwa rumbu a mujallar Nature Food. Ko a mafi ƙanƙantar yaƙin da suka auna, mai kunkunniya tan miliyan 5, mutum kimanin miliyan 255 za su rasa abinci a shekara ta biyu. A mafi muninsa tsakanin waɗannan ƙasashe biyu, adadin ya haura biliyan biyu.

Ba duka masana suka yarda ba. Wasu masu bincike a cibiyar Los Alamos ta Amurka sun wallafa a 2018 cewa akasarin hayaƙin ba zai kai can sama ba, don haka sanyin ba zai yi tsanani haka ba. Saɓanin ya ta'allaƙa ne ga yawan abin ƙonewa da ke cikin birni da irin yadda gobarar za ta ci, kuma abu ne da ba a iya gwadawa. Amma ko da masu sassaucin ne ke da gaskiya, akwai hanyar da bala'in zai bi wadda ba ta buƙatar hayaƙi, wato kasuwa. Indiya ita kaɗai ke fitar da kimanin kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, Pakistan ma tana cikin manyan masu fitarwa. Da Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa a Yulin 2023, farashi ya yi tashin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, alhali ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Buhunan shinkafar da ke sauka a tashar Kwatano su gangaro kasuwannin Nijar da arewacin Najeriya, da yawansu daga Indiya suke. Haka ma kaso mai yawa na magungunan da ke kantunan Kano da Maraɗi, da babura da keke mai ƙafa uku da dubban matasa ke neman abinci da su. Kuma tarihin tsadar abinci ta 2008 ya nuna abin da ƙasashe masu rarar hatsi ke yi idan suka tsorata: rufe ƙofa suke yi. Mai saye da kuɗin waje shi ke fara kwana da yunwa.

Abin da ke riƙe da su

Ƙasashen biyu ba su sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 ba, don haka abin da ya ɗaure su shi ne 'yan alƙawuran da suka yi wa juna. Akwai layin waya tsakanin daraktocin ayyukan soja na ɓangarorin biyu, wanda ta kansa aka kammala tsagaita wutar 2025. Akwai yarjejeniyar 2005 ta sanar da juna kafin gwajin makami mai linzami, sai dai ta shafi masu tashi sama su gangaro ne kawai, ba ta haɗa da irin BrahMos mai tafiya miƙe kamar jirgi ba. Akwai kuma wadda Rajiv Gandhi da Benazir Bhutto suka ƙulla a Disambar 1988, cewa ba za su kai wa cibiyoyin nukiliyar juna hari ba. A ƙarƙashinta, tun 1992, kowace ranar 1 ga Janairu suna musayar jerin sunayen cibiyoyin, ko ana shiri ko ba a yi.

Mafi ƙarfi a cikin alƙawuran ita ce yarjejeniyar ruwan kogin Indus, wadda Jawaharlal Nehru da Ayub Khan suka sa wa hannu a 1960 da shiga tsakanin Bankin Duniya. Ta ba Indiya koguna uku na gabas, ta bar wa Pakistan akasarin ruwan Indus da Jhelum da Chenab, waɗanda mafi yawan noman rani da na damina na ƙasar ya dogara a kansu. Ta tsira daga yaƙin 1965 da na 1971 da na Kargil. Kwana ɗaya bayan harin Pahalgam, Indiya ta ce ta jingine ta, Pakistan ta ce duk yunƙurin tare ruwan shelar yaƙi ce. A yanzu Indiya ba ta da madatsun da za su iya riƙe waɗannan koguna, gina su kuma aikin shekaru ne. Sai dai tun a 2002 Janar Khalid Kidwai, wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar makaman nukiliyar Pakistan, ya lissafa wa wasu masana daga Italiya abubuwa huɗu da za su iya sa ƙasarsa ta yi amfani da bam: a ƙwace babban yanki na ƙasarta, a ragargaza akasarin sojojinta, a hargitsa ta daga ciki, ko a shaƙe tattalin arzikinta. A ƙarƙashin na ƙarshen, an ambaci toshe tashoshin jiragen ruwa da kuma tare ruwan Indus.